Ƙyauren da Ba Ya Ƙara: Toshe Mutum a Waya da Sake Buɗe Shi

Sati uku cur ɗan Gwaggo da ke Legas yana kiran wayarta ana ce masa ana amfani da layin. Da safe haka, bayan la'asar haka, tsakar dare ma haka, sai ka ce tsohuwar da ko lambar kanta ba ta haddace ba ta buɗe shagon buga waya. Ita kuma tana nan Kano a kan tabarmarta, duk wanda ya shigo gaisuwa sai ta yi masa ƙorafi a kaikaice, wai yaran yanzu da sun yi aure shi ke nan. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta ɗauki waya ta kira shi ta tambayi dalilin shirunsa. Shi kuma can yana ta lissafin laifin da ya yi wa mahaifiyarsa.

Da abin ya ishe shi sai ya kira ni. Taubashina ne, ba ma rabuwa da tsokana, amma ran nan muryarsa babu wasa. Ya ce, "Don Allah ka leƙa min Hajiya, ka ji ko fushi take yi da ni." Na je. Na kira wayarta a gabanta, ta yi ƙara. Na ce ya kira, shiru. Muka yi haka sau uku, sannan na sa wayar a aljihu na nufi kasuwar waya ta Farm Centre.

Yaron da na miƙa wa ko sukurdireba bai ɗauka ba. Ƙaramar waya ce mai madannai da tocila. Ya danna nan, ya danna can, ya juyo min da fuskarta. Lambobi uku ne a jere a cikin abin da masu gyara ke kira bilaklis: ta ɗanta, ta mai kawo mata gawayi, da wata da ba mu gane ba. Jikanta ne mai buga wasan maciji a wayar ya jefa su ciki, bai ma san ya yi ba. Yaron ya goge su, ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce, "Baba, ai wannan ba gyara ba ne." Kafin na fito titi wayar ta fara ruri. A ranar ne kuma muka gane abin da ya sa mai gawayi ya ɗauke ƙafa.

Tun daga lokacin na fara lura da yawan mutanen da ke yawo da jerin waɗanda suka toshe a aljihunsu, ba su taɓa buɗe shi sun duba ba. Toshewa aikin daƙiƙa biyu ne, sau da yawa cikin fushi, wani lokaci cikin kuskure. Buɗewa ma ba ta fi daƙiƙa biyu ba. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne abin da ya faru a tsakanin biyun, da kuma abin da buɗewar ba za ta taɓa dawo da shi ba.

Ƙofa uku a gida ɗaya

Ruɗanin farko shi ne ɗaukar cewa toshewa guda ɗaya ce. Ba haka ba ne. Wayar kanta tana da nata jerin, kowace manhaja tana da nata, kamfanin layi ma yana da nasa makullin. Idan ka toshe mutum a kiran waya, WhatsApp bai san zancen ba, zai ci gaba da kawo maka saƙonsa. Idan ka buɗe shi a WhatsApp, kiransa na kati yana nan a rufe. Shi ya sa za ka ji mutum yana rantsuwa cewa ya cire wane daga bulok, wane kuma yana rantsuwa cewa har yanzu kiransa ba ya shiga, kuma dukansu gaskiya suke faɗa.

Ƙananan wayoyin da suka cika kasuwanninmu sun daɗe da bilaklis. Manyan kamfanoni ne ma suka makara. Apple bai sa toshe lamba a iPhone ba sai a 2013, a cikin iOS 7. Google kuwa sai a 2016, da Android 7, ya mayar da toshe lamba wani ɓangare na tsarin wayar kanta, kafin nan kowane kamfani da irin tasa dabarar. A iPhone jerin guda ɗaya ne ke rufe kira da saƙon tes da FaceTime, kuma ana samun sa a cikin saitin, ƙarƙashin sashen waya. Wanda aka toshe idan ya kira, akwatin saƙon murya ake tura shi. A yawancin wayoyin Android kuwa sai ka buɗe manhajar kira, ka taɓa ɗigo ukun nan na sama, ka shiga saitin, ka nemi lambobin da aka toshe. Kusa da kowace lamba akwai alamar cirewa. A manhajar saƙonni ta Google akwai wani lungu da ake tara saƙonnin banza da na waɗanda aka toshe, saboda haka bayan buɗewa ya dace mutum ya leƙa can ya ga abin da ya taru.

Akwai kuma toshewar da ba ta da suna. Tun iOS 13 na 2019 iPhone ke da maɓallin da ke kashe ƙarar duk kiran da lambarsa ba ta cikin wayarka, WhatsApp ma ya kawo irinsa a 2023. Abu ne mai daɗi ga wanda 'yan talla suka addaba. Amma matashin da ya raba takardun neman aiki a ofisoshi goma, ya kunna wannan maɓalli ya manta, da hannunsa ya rufe ƙofar arzikinsa. Haka ɗan jinjirin watan nan da ke fitowa a saman fuskar waya, alamar kada a dame ni. Tsofaffi da dama sun yi kwanaki ba sa jin kira saboda shi, ana cewa kunne ne ya fara nauyi.

Tik ɗaya

A WhatsApp ne maganar ta fi zafi, don nan ne zumuncin yau ya koma. Manhajar da Jan Koum da Brian Acton suka kafa a 2009, Facebook ya saya a 2014 a kan kusan dala biliyan 19, ita ce yanzu zauren da ake sanar da haihuwa da rasuwa, ake raba katin ɗaurin aure, ake karɓar adashi, ake kuma ɓatawa.

Idan ka toshe mutum a nan, ba a gaya masa. Da gangan aka tsara haka, don kada wanda ya gudu daga mai cutar da shi ya jawo wa kansa wata fitinar. Sai dai akwai alamu, kuma matasa sun haddace su kamar karatun allo. Hotonka zai ɓace masa. Ba zai ƙara ganin lokacin da ka hau ko ka sauka ba. Sitatus ɗinka ba zai zo masa ba. In ya kira, wayarsa za ta nuna tana kira amma ba za ta taɓa nuna tana ringin ba. In ya yi ƙoƙarin sa ka a guruf, ba zai yiwu ba. Babbar alamar ita ce saƙonsa zai tsaya da tik ɗaya. Tik ɗaya na nufin saƙo ya bar wayarsa, biyu na nufin ya isa taka, shuɗi kuma, wanda aka ƙaro a ƙarshen 2014, na nufin ka buɗe. Kowace alama ita kaɗai ba hujja ba ce, don mutum na iya zama ba shi da data, ko wayarsa ta faɗa ruwa, ko ya ɓoye hotonsa. Amma in suka haɗu, ba sai an je wurin mai duba ba.

Buɗewar ba ta da wuya. Ko dai ka shiga saitin, sashen sirri, jerin waɗanda ka toshe, ka taɓa sunansa, ko ka buɗe tsohuwar hirarku, za ka ga rubutu a ƙasa yana cewa ka taɓa nan don buɗewa. Shi ke nan.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Duk saƙon da ya aiko maka a lokacin da yake rufe ba zai taɓa zuwa ba. Ba a ajiye maka shi a wani wuri yana jira ba. Ko ya rubuto ban haƙuri mai shafi uku, ko ya yi kuka a saƙon murya, ko ya turo lambar asusun da za ka biya shi bashinsa, duk sun bi ruwa. A wayarsa suna nan da tik ɗaya har abada, a taka kuwa kamar ba a taɓa rubuta su ba. Kuma yadda ba a sanar da shi toshewa ba, haka ba za a sanar da shi buɗewa ba. Ƙyaure ne da ba ya ƙara, a rufe shi shiru, a buɗe shi shiru.

Wannan na san shi a jikina. A watan Maris na 2023, ana tsakiyar zafin zaɓen gwamna, muka yi musu da wani aminina tun na sakandare. Maganar siyasa ta koma gori, gori ya koma tone-tone. Na fice daga guruf ɗin 'yan ajinmu, na toshe shi, na ce in ƙura ta lafa na buɗe. Azumi ya zo ya wuce, aka yi ƙaramar Sallah, aka yi babba. Ba wai ina riƙe da shi a zuciya ba ne, wallahi mantawa na yi, don waya ba ta tuna maka cewa kana gaba da wani. Sai a wajen wani ɗaurin aure wani ya dafa ni ya ce bai gan ni wurin jana'izar mahaifiyar aminin nawa ba. Matar da na ci tuwonta ya fi a ƙirga. Kwana goma sha biyu da rasuwarta. Ya aiko min da saƙo a daren da ta cika, ya ga tik ɗaya, ya fahimta, bai sake nema ba.

Wani abin ban dariya, in ana dariya a irin wannan, shi ne da ban fita guruf ba da na ji. Toshewar WhatsApp ba ta aiki a cikin guruf. Mutum biyu da suka rufe juna za su ci gaba da ganin rubutun juna a can, kamar kishiyoyi masu gaba da ke haɗuwa a madafa ɗaya.

Inda ake ajiye maka, da inda ba a ajiyewa

Imel ya fi WhatsApp sassauci a nan. Gmail ya kawo maɓallin toshe mai aiko da saƙo a 2015, kuma abin da yake yi kawai shi ne karkatar da wasiƙun mutumin zuwa akwatin tarkace. Suna nan na kwana 30 kafin a share su. Saboda haka wanda ya toshe adireshin makaranta ko na wurin aiki bisa kuskure, in ya farga da wuri, zai iya tsamo abinsa. A kwamfuta ana shiga cikakken saitin, a nemi shafin matatai da adireshin da aka toshe, a cire. Amma cirewar ba ta kwaso tsofaffin wasiƙun da kanta. Sai ka shiga akwatin tarkacen ka nuna cewa wannan ba tarkace ba ne. Ɗalibai masu jiran takardar gurbin karatu ko tallafi ya kamata su riƙa leƙa wannan akwati ko da ba su toshe kowa ba, don na'urar kanta tana jefa wasiƙu a can bisa nata zato.

Facebook kuwa yana da nasa hukuncin. Toshewa tana warware abota, buɗewa ba ta ɗaura ta. Sai ɗayanku ya sake aika neman abota, wato dai sai wani ya sauke girman kai. Sannan in ka buɗe mutum, ba za ka iya sake rufe shi ba sai bayan awa 48. Masu buɗe tsohuwar budurwa da tsakar dare don su leƙa hotunan bikinta su koma su rufe, su san cewa kwana biyu ƙofar za ta yi a buɗe. A Instagram toshewa tana goge duk sharhi da alamar so da mutumin ya taɓa yi a hotunanka, kuma ba sa dawowa. A X, wanda da ake kira Twitter, tun ƙarshen 2024 wanda ka toshe yana iya karanta abin da ka wallafa a fili, tanka maka ne kawai ba zai iya ba.

Sai makullin da ke hannun kamfanin layi. A 2016 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta fito da lambar 2442 saboda saƙonnin talla da suka ishi jama'a. Ka aika STOP, a rufe maka su gaba ɗaya. Mutane da yawa sun yi haka sun huta, daga baya suka fara mamakin abin da ya sa saƙon makarantar yara, ko na ƙungiya, ko lambar tabbatarwa ta wani shafi ba ta zuwa. Dalili shi ne wasu masu aikawa suna bin hanyar da 'yan talla ke bi, sai shingen ya tare su tare. Aika STATUS zuwa lambar zai nuna maka matsayinka, ALLOW kuma ya buɗe. In kuwa kiranka ne ke karkata zuwa wani wuri ba ka san dalili ba, danna ##002# yana soke duk wata karkatar da kira da aka sa a layin. Wannan duk daban yake da rufe layi saboda lambar NIN, irin wanda aka yi a Afrilun 2022 lokacin da aka hana layuka sama da miliyan 72 yin kira. Wancan ba a saitin waya ake warware shi ba, sai an je an haɗa layin.

Ba kowa ake buɗe wa ba

Kada a ɗauka ina cewa kowa ya je ya share jerinsa. Akwai waɗanda wurin ya dace da su. Matar da tsohon miji ke bi da zagi da barazana, yarinyar da wani ƙato ke turo wa hotunan batsa, wanda ɗan damfara ya kira yana cewa daga banki yake a ba shi lambar kati, waɗannan ba gaba suke yi ba, tsari suka nema. Haka waɗanda manhajojin bashi suka sa a gaba. Mun ga yadda suke kwashe lambobin da ke cikin wayar wanda ya ci bashi su riƙa aika wa surukansa da abokan aikinsa cewa ɓarawo ne, har hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a Maris na 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa jerin lambobin mutane a 2023. Ban ga dalilin buɗe wa irin waɗannan ba ko da ranar Idi ce. In ma za a toshe su a WhatsApp, gara a haɗa da kai ƙara, don a lokacin ne ake tura wa kamfanin saƙonni biyar na ƙarshe da suka aiko.

Ga wanda kuma bai kai a rufe shi ba amma ya cika surutu, akwai matakai kafin toshewa. Ana iya kashe ƙarar saƙonsa, ana iya tura hirar cikin ma'ajiya, ana iya ɓoye masa sitatus. Duk waɗannan suna barin saƙo ya iso, ka karanta ran da ka ga dama. Da na san haka a 2023, ko in ce da fushi ya bar ni na tuna, da labarin ya sha bamban.

Wani abin da ba a cika tunawa ba shi ne lamba ake toshewa, ba mutum ba. Mai layi uku in ka rufe ɗaya zai zo ta na biyu, ko ya ari wayar maƙwabci. Sannan layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani na karɓewa ya sayar wa wani. Lambar da ka rufe shekara huɗu da suka wuce saboda wani mai naci, yau tana iya zama ta mai ɗinkin da ke ta nemanka ka zo ka karɓi kayanka.

Gaba ba shaida

A da, gaba aiki ce. Sai ka canza hanya, ka kau da kai a masallaci, ka ƙi amsa sallama mutane suna kallo. Nauyinta ma kan sa a gaji da ita. Kuma da yake a fili ake yin ta, akwai masu shiga tsakani. Liman zai tuna muku cewa addini bai yarda Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba. Dattijon unguwa zai kira ku zaure. Mace in ta yi yaji, an san gidan da ta tafi, an san wanda zai je biko, an san da wane baki za a je. Gabar waya ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Babu wanda ya ga lokacin da aka fara ta, ba ta gajiyar da mai yin ta, kuma ba ta da ranar ƙarewa. Kwana uku na zama wata bakwai ba ka ji a jikinka ba.

Ga shi kuma buɗewar ba biko ba ce. Na ga mutane da dama, musamman daren Sallah lokacin da ake ta tura saƙon a yafi juna, suna cire 'yan'uwa daga bulok su zauna suna jiran a yi musu magana. Wancan kuwa bai san an buɗe ba. In ba mai yawan leƙe ba ne da zai lura hoto ya dawo, zai ci gaba da zama a bakin ƙofar da yake zaton a kulle take. Kowa na jiran kowa.

A daren da na dawo daga ɗaurin auren nan na buɗe aminin nawa. Hirarmu ta ƙarshe tana nan yadda muka bar ta, da baƙaƙen maganganun da na ji kunyar sake karantawa. Babu komai a ƙasanta, ko ɗigo. Na rubuta sallama da ta'aziyya, na goge, na sake rubutawa, na aika. Tik ɗaya. Na ce ko dare ne ya kashe data. Da safe tik ɗaya, da azahar tik ɗaya, hotonsa kuma babu. Ashe shi ma ya rufe ni.

Bayan magariba na hau adaidaita zuwa unguwarsu. Na aika yaro ya yi min sallama da shi. Ya ɗan jima kafin ya fito. Muka zauna a kan dakalin da muka saba zama tun muna saka gajeren wando, na yi masa gaisuwa, muka yi wa Inna addu'a. Bai ambaci zaɓe ba, ni ma ban ambata ba. Ya ba ni labarin jinyar, wata biyu a asibiti, da yadda ta tambaye shi sau biyu ko lafiya ba ta ganina. Wannan ne ya fi komai yi min ciwo.

Da na tashi tafiya na ce masa na aiko da saƙo jiya. Ya ciro wayarsa, ya ɗan daddanna, ya duba, ya ce, "Malam, ban ga komai ba." Na ce ba zai gani ba. Na sake rubuta sallama a nan tsaye a gabansa, wayarsa ta yi ƙara a hannunsa, tik biyu suka fito, suka koma shuɗi. Na farkon da na aika a daren ɗaurin auren yana samansa, har yau da tik ɗinsa ɗaya.